Ganin likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a arewacin Kamaru: wa za ku nema, me zai yi, nawa za ku tanada

Kafin ku ɗauki mara lafiya daga Marwa, Garwa ko Kusuri ku kama hanyar neman likitan ƙwaƙwalwa na kuɗi, ku zauna ku yi lissafin wata shida zuwa shekara guda. Ciwon taɓin hankali yana buƙatar komawa wurin likita a kai a kai, kuma iyalin da suka zuba duk abin hannunsu a ganin farko su ne ake gani bayan wata biyu magani ya ƙare, ciwo ya dawo. Don haka tambayar farko ita ce: wane likita ne za mu iya komawa wurinsa?

Ku san wanda ke gabanku

Mutum uku ake yawan rikitawa, kuma a allon kilinik da Faransanci ake rubuta su. Psychiatre shi ne likitan taɓin hankali. A Kamaru sai ya yi shekara 7 yana karatun likita bayan bakaloriya, sannan ya ƙara shekara 4 na ƙwarewa kafin ya sami takardar da ake kira DES. Wasu sun yi a Yawunde, wasu a Dakar, inda asibitin Fann ya daɗe da suna a wannan fanni, wasu a Abijan ko Faransa. Shi ke da ikon tantance ciwo, rubuta magani, da kwantar da mutum. Psychologue kuwa ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta a jami'a. Aikinsa zama da mara lafiya ana magana, yana da amfani ƙwarai ga mai damuwa ko wanda ya ga tashin hankali, amma ba ya rubuta magani. In kuka ga ya miƙo muku ordonans, wato takardar sayen magani, da sa hannunsa, ku tashi. Neurologue shi ne na jijiya da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki.

Akwai na huɗu da bai kamata a raina ba: nas ɗin da ya yi ƙwarewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan likitocin wannan fanni suna Yawunde da Duwala, wuraren da manyan sassan jinyar suke, asibitin Jamot da na Laquintinie. A arewa waɗannan nas-nas su ke riƙe da kaso mai yawa na aikin, kuma wanda ya gwanance a cikinsu ya fi muku amfani wajen bibiya fiye da babban farfesa da za ku gani sau ɗaya a shekara.

Tabbatar da likita ba rashin kunya ba ne. Dokar 1990 da ta tsara aikin likita a Kamaru ta wajabta wa kowane likita rajista da ƙungiyar likitoci ta ƙasa, ONMC, kuma lambar rajistarsa takan fito a hatiminsa tare da fanninsa. Ku duba hatimin da ke kan ordonans. Ku kuma tambayi ranakun da yake zama, domin da yawa daga masu duba marasa lafiya a kilinik na kuɗi ma'aikatan asibitin gwamnati ne da ke zuwa da yamma ko ranar Asabar. In haka ne, ana iya yin ganin farko a kilinik, inda ba layi kuma akwai sirri, sannan a roƙi a koma bibiya a asibitin gwamnati mai rahusa. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan roƙo ba.

Abin da za ku tafi da shi

Ku tafi da mutum ɗaya da ke kwana gida ɗaya da mara lafiyan, uwa, mata ko ƙane. Kawu mai faɗa a ji da ya ji labari ta waya ba zai iya gaya wa likita ko yaron ya kwana uku bai runtsa ba. Ku tattaro karnen asibiti na da, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, duk wata tsohuwar ordonans, da kwalayen magungunan da ya sha, har da na gargajiya da na bakin kasuwa. Ku rubuta a takarda yaushe abin ya fara, me ya faru gab da lokacin (haihuwa, rasuwa, zazzaɓi, haɗarin babur), yaya barci da cin abinci, ko an taɓa irinsa a dangi.

Ku faɗi gaskiya kan tramol, wiwi, giya da sholisho. A nan ake yawan ɓata aiki. Iyaye sukan ɓoye don kunya, alhali tramol kaɗai yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma in ya haɗu da wasu magungunan damuwa kamar fluoxetine haɗarin yana ƙaruwa. Likita yana ƙarƙashin dokar riƙe sirri, kuma mara lafiya baligi yana da damar a bar shi shi kaɗai da likitan na ɗan lokaci. Ku fita in an ce ku fita.

Yadda ganin farko yake

Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kusan dukansa tambaya da sauraro. Kada ku ce an ci kuɗinku don ba a yi allura ba. Wannan hirar ita ce awon. Likita yana duba yadda mutum ke magana, ko tunaninsa a haɗe yake, ko yana jin muryoyi, ko ya san rana da wuri, ko yana tunanin kashe kansa. Tambaya ta ƙarshe takan girgiza iyali, amma yin ta ba ya sa wa mutum tunanin, kuma likitan da ya tsallake ta ya bar aiki a baya.

Daga nan sai a kawar da ciwon jiki da ke kama da hauka. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, a yankinmu, maleriyar da ta hau kai ce ko sanƙarau har sai an tabbatar ba su ba ne, musamman lokacin rani. Wannan na sashen gaggawa ne yau-yau, kada a jira ranar da likitan kilinik zai zo. Gwajin da aka saba nema: maleriya, sukari, ƙanjamau, tunjere, aikin hanta da ƙoda, wani lokaci sinadarin maƙoƙo. Hoton ƙwaƙwalwa na sikana da awon wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG suna da tsada kuma ba kowa ke buƙatarsu ba. Suna da dalili in akwai jijjiga, buguwa a kai, raunin wani sashe na jiki, ko ciwon ya fara a karon farko bayan mutum ya manyanta. Ku tambaya kai tsaye: “Dokta, in mun yi wannan gwajin, me zai canja a maganin?”

Matar da ta rikice cikin mako biyu na farkon jego, ba barci, tana zargin mutane ko tsoron jaririnta, ita ma ta gaggawa ce. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Wannan ciwo yana jin magani sosai.

Kuɗi

Kowace kilinik da farashinta, kuma ganin ƙwararre ya fi na likitan gama-gari tsada, saboda haka ku kira ku ji kafin ku taso. Tambayoyi huɗu za ku yi: nawa ne ganin farko, nawa ne na komawa, rasidin farko yana aiki har kwana nawa (wasu wurare ba sa karɓar sabon kuɗi in an dawo da sakamakon gwaji), kuma takardar shaidar rashin lafiya ta wurin aiki ko makaranta kuɗinta daban ne? Galibi daban ne. In za a kwantar, a raba muku kuɗin gado, na magani da na kulawar dare a rubuce. Ko ta Orange Money ko MoMo kuka biya, ku karɓi rasidi.

Ga misalin lissafi, mu ƙaddara lambobin don a ga siffar abin. A ce ganin farko sefa 15,000, komawa 10,000 sau biyar cikin wata shida, ya zama 65,000. A ce magani 8,000 a wata, 48,000 ke nan. Gwaji 20,000. In likitan yana garinku, kun tsaya wajen 133,000. In kuwa yana Yawunde, sai ku ɗora motar mutum biyu zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare, masauki da abinci, zuwa da dawowa, sau shida. Hanya za ta cinye ninkin kuɗin likita. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa da mafi yawan gidaje shi ne a ga ƙwararre sau ɗaya ko biyu, ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da sunan ciwo, magani da adadinsa zuwa ga nas ko likitan da ke kusa, shi kuma ƙwararren a riƙa tuntuɓarsa ta waya in abu ya canja. Ku yi maganar kuɗin duba ta waya tun farko. Mutanen Kusuri suna da Injamena a tsallaken gadar Ngeli, wasu na kan iyaka kuma sukan nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. Duk inda aka je, a dawo da wannan wasiƙa.

Wajen magani akwai sauƙin da mutane ba sa nema. Ku ce a rubuta da sunan sinadari, abin da ake kira DCI, domin haloperidol shi ne Haldol, amitriptyline shi ne Laroxyl, carbamazepine shi ne Tégrétol, kuma farashin ya bambanta sosai. Ku gaya wa likita ƙarfin aljihunku ba tare da jin nauyi ba: tsohon magani mai araha da za a sha kullum ya fi sabo mai tsada da za a yanke a mako na uku. A farmasi za a saya. Na tebur a kasuwa ya sha rana, kuma ba wanda zai ce muku ga abin da ke ciki.

Inda abu ke lalacewa bayan an dawo gida

Maganin damuwa ba ya nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, wani har 6, kuma bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata 6. Wanda ya yi taɓin hankali karon farko yakan ci gaba aƙalla shekara guda bayan ya dawo hayyacinsa. “Ya warke, mun daina” ita ce hanyar da ta fi maido da ciwo. Ragewa aikin likita ne, kuma a hankali ake yi.

A kwanakin farko na haloperidol wuya na iya murɗewa, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Gida sai ya ɗauka aljanu ne suka tashi, a zubar da magani. Illar maganin ce, an san ta, kuma trihexyphenidyl, wato Artane, yana warware ta. Ku kira likita a ranar. Amma in jiki ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi, gumi da ruɗewa, a tsayar da maganin a garzaya asibiti. Haka in ƙuraje suka feso wa mai shan carbamazepine, musamman a baki da ido. Olanzapine yana sa ƙiba da hawan sukari, a riƙa awo. Valproate, wato Dépakine, yana iya nakasa ɗan tayi, don haka macen da ke iya ɗaukar ciki ta faɗa kafin a rubuta. Diazepam na ɗan gajeren lokaci ne. In ya zarce makonni jiki yana sabawa.

Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, yana da nasa haɗari. Wasu magungunan suna rage gumi, mai shan lithium kuma in ruwan jikinsa ya ragu maganin yana taruwa a jini ya zama guba. Lithium ba na wanda ba zai iya awon jini a kai a kai ba ne. Kafin azumi a je a tambaya ko za a iya maida shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana magani, kuma yana da kyau malam ya san ana sha don kada ya ce a ajiye. Dukan mara lafiya, sa shi a mari da hana shi abinci kuwa suna ƙara ciwo ne, su sa mutum ya ƙi yarda da kowa. Ga wanda ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ko yake mantawa, ku tambayi allurar wata, haloperidol decanoate, da ake yi duk mako 4. Nas na kusa da gida zai iya yin ta, a rubuta ranar a karne, sannan mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin sayo ta gaba mako guda kafin lokacinta.