Kurakuran da ke kashe lambun gida a zangunan Accra, da yadda ake gyara su

Shekara tara ke nan ina shuka a bayan ɗakinmu a Madina, a ɗan filin da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. A wannan tsakanin na leƙa lambunan 'yan'uwa da dama a Nima, Mamobi da Ashaiman, kuma kusan ciwo ɗaya ke damun mu duka: muna ɗaukar lambu kamar ɗakin amarya, a share shi tas, a fesa magani, a kawo abin ado daga nesa. Ƙasa kuwa ba ta son haka.

Ɓarnar takan fara ne tun daga iri. Mutum ya ga hoton kabeji da latas a jikin fakiti, ya sayo, ya shuka a watan Fabrairu lokacin da rana ke dukan kwano, bayan mako uku ya ce hannunsa ba shi da albarkar shuka. Hannun lafiyarsa ƙalau. Accra gari ne mai ƙarancin ruwa, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, Kumasi kuwa tana samun wajen 1,400. Don haka a fara da abin da ya saba da wahala, wanda kuma tukunyarmu ke nema kullum: ayoyo na miyar tuwo, alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa, shuwaka, doddoya da zogale. Shuwaka da zogale reshe kawai za ka yanko ka soke a ƙasa, su kama. Yakuwa ta ba ka ganyen miya, daga baya ta ba ka soborodo. Wanda ke Kumasi ya tuna cewa zogale ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, sai a yi masa tudu; amma kontomire, wato ganyen gwaza, can ne gidansa. Zogalen ma kada a bar shi ya miƙe kamar sandar tuta. Da ya kai ƙirjin mutum a sare kansa, zai yi rassa, ganyen ya zo daidai hannun yara.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne shara. Mun taso da tsintsiya, kuma tsafta abar yabo ce a tsakar gida, amma gindin shuka ba tsakar gida ba ne. Wata Hajiya maƙwabciyarmu kullum da asuba sai ta share ƙarƙashin kuɓewarta har ƙasar ta yi sumul, ta tara ganyen ta cinna masa wuta. Ta ce da ni, "Ɗana, galan biyu nake zuba mata safe da yamma, amma kafin azahar ta langwaɓe." Na ce, "Hajiya, ki taɓa ƙasar nan da rana tsaka." Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Ƙasar da ba ta da mayafi rana na gasa ta, ruwan ya tashi, ta daskare kamar daɓe, in an yi ruwan sama ya gangare gota ba tare da ya shiga ba. Muka rufe gindin da busasshen ganyen mangwaro da ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku, muka bar ɗan wuri kewaye da karan don kada ya ruɓe. Yanzu galan ɗaya ke isar ta, kuma in ka ɗaga ganyen za ka tarar da tana. Tana ita ce manomin da ba ya karɓar lada: tana huda ƙasa iska ta shiga, kashinta kuma taki ne. Mai tsoron maciji, tsoronsa na kan hanya, sai ya bar shimfiɗar ba kauri sosai, ya nisanta ta da bangon ɗaki, kada kuma ya tara itace ko bulo kusa.

Taki ma ana yin ganganci da shi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A haɗa shi da busasshen ganye da ɓawon doya, ayaba da rogo, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, bayan wata biyu zuwa uku ya yi baƙi ya daina wari. Kashin ragunan layya da ake kwashewa a kai bola, dukiya ce ake zubarwa. Toka kuwa barbaɗawa ake yi kaɗan, ba jibgewa ba.

Sai feshi. Da an ga huji biyu a ganye sai a ruga shago a sayo magani, wani ma har maganin sauron ɗaki yake fesa wa alayyafon da za a ci gobe. Maganin ba ya tantance aboki da maƙiyi. Yana kashe ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo masu cin ƙwarin, yana kashe ƙudan zuma, su kuwa ɗarɓa da farin ƙuda sun fi kowa saurin hayayyafa, sai su dawo su tarar babu mai tare su. Kabewa da kokwamba furensu namiji daban, mace daban. In babu ƙudan zuma da zai ɗauki garin fure daga wannan ya kai wancan, sai ka ga ɗan 'ya'yan ya yi rawaya ya faɗi, ka ɗora wa ƙasa laifi. Gyaran shi ne ka leƙa bayan ganye kowace safiya, ka tsince tsutsa da hannu, dodon koɗi kuma ka bi shi da tocila da dare. In abin ya ƙi, ga darbejiya nan ko'ina a Accra: a daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa bayan magariba lokacin da ƙudan zuma ya koma gida. Ita ma kada a maishe ta ruwan kullum.

Yara kuma a hana su jifan ƙadangare da kwaɗo. Kwaɗon da ke fakewa ƙarƙashin tukunya da rana, da dare farautar ƙwari yake yi maka. In ƙadangare ko kaji na tsinke sabon tsiro, tsohon gidan sauro ya isa a rufe shi da shi na mako biyu. A bar tushe ɗaya ko biyu na doddoya su yi fure, za ka ga ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi sun yi dafifi. Tsuntsun da ya ci gwandarka ɗaya ma ba asara ba ce, domin hadisi ya tabbata cewa duk Musulmin da ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ajiye wa tsuntsaye da ƙwari ruwa a kasko mara zurfi da 'yan duwatsu a ciki don ƙwari su samu wurin tsayawa. Amma a zubar a wanke kaskon duk bayan kwana biyu ko uku, saboda sauro cikin mako guda ko kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Duro da galan ma a rufe bakinsu.

Ruwan gota kada ya taɓa ganyen da za a ci, komai tsadar ruwa. Akwai wanda ya fi shi a kowane gidan Musulmi: ruwan alwala. Ajiye roba a wurin da ake alwala, sau biyar a rana, ka ga abin da za ka tara. Haɗa da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Ruwan wanki mai bilic ko gishiri kuwa kada a zuba wa shuka. A zuba a gindi da sassafe ko da yamma, a ƙosar da ƙasar sosai, ya fi 'yar yayyafin da ba ta kai saiwa.

Masu gidan haya da aka shafe ko'ina da siminti sukan ce ba su da wuri. Buhun shinkafa, tsohon bokiti ko galan ɗin Kufuor (jarkar roba mai ruwan ɗorawa) da aka yanke ya wadatar, in dai an huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita, an kuma ajiye shi inda rana ke kaiwa aƙalla awa biyar ko shida. Abin kiyayewa kawai, kada a maimaita tumatir, barkono da yalo a ƙasa ɗaya, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Bayan su a shuka wake, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Iri kuwa, wanda aka rubuta F1 a fakitinsa 'ya'yansa ba sa gado shi, ko ka ajiye ba za ka samu irin na farko ba. Na gida shi ake adanawa. Zaɓi kuɓewar da ta fi kowacce lafiya, ka ɗaura mata ƙyalle don kada a tsinke a kai tukunya, ka bar ta ta bushe a jikin uwarta. Fasa ta, shanya a inuwa, gauraya da 'yar toka, zuba a kwalba mai murfi, ka jira ruwan Afrilu.