Turara kayan lambu: tun daga zaɓen tukunya ake tafka kuskure

Gidaje uku na shiga cikin watan nan, duk na amaren da aka ce su rage soye-soye su koma turara kayan lambu, kuma abu ɗaya na tarar a kan wuta: kwandon roba a bakin tukunya, an lulluɓe shi da leda. Na gaji da yi wa kowa bayani ɗaiɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da robar zan fara, don ita ta fi ci mini rai. Ina sabuwar amarya na taɓa ɗora kwandon tsane shinkafa a kan tukunya, na zuba karas da kabeji, na rufe na tafi shanya. Da na dawo, gefen kwandon ya narke ya manne a bakin tukunyar, yana ɗiga cikin ruwa kamar ƙaro. Kabejin kuwa warin ƙonanniyar leda kawai yake yi. Na zubar da abincin, kwandon ya tafi, tukunyar ma kwana biyu ina kankare ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya shi ne, na sha yin haka kafin ranar, robar ba ta narke ba, mun ci. Kwandon nan don ruwan sanyi aka yi shi. Tururi yana kai maki 100 a ma'aunin zafi, bakin tukunyar da harshen wuta ke lasa kuma ya wuce haka nesa. Ba sai kin ga roba ta lanƙwashe ba kafin ta fara sakin abin da ke jikinta.

Haka buhun shinkafa da wasu ke zuba dambu a ciki, haka baƙar ledar da ake rufe madambaci da ita. Buhun nan zaren roba ne, ga fentin rubutu a jikinsa. Baƙar leda kuwa sau da yawa daga tsohuwar robar da aka sake narkarwa take fitowa. Haba 'yar'uwa, kin bar mai don lafiyarki, sai ki koma dafa leda? Farin ƙyallen auduga da aka wanke yana yin aikin nan tsaf, shi iyayenmu suka yi amfani da shi. Farantan melamin ɗin nan masu kama da tangaran su ma kada su shiga tururi, zafin da ya haura maki 70 ba nasu ba ne.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne tukunyar da ba ta kamu, mai baƙin shafe a ciki. Tana cikin kayan ɗakina, ita na fi so, sai na mai da ita tukunyar turara abinci. Wata rana ruwan ya ƙone ƙaf ina can ina waya, sai hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya cika kicin, shafen ya kumbura ya fara ɓarewa. Irin wannan shafe, Teflon, lafiya lau yake muddin da ruwa a ciki, amma idan tukunya ta bushe a kan wuta zafinta kan haura maki 260 cikin 'yan mintuna, daga nan yake fara lalacewa yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Shi kuwa turara abinci, babban haɗarinsa ke nan, ruwa ya ƙare ba ki sani ba, tunda yana ƙasa ba kya ganinsa. Kuma me za a yi da shafen hana kamu a tukunyar da ruwa zalla za ta tafasa? Asara ce kawai.

Tun daga ranar nake jefa tsakuwa biyu wankakku cikin ruwan. Muddin yana tafasa za ki ji suna ƙwaras-ƙwaras, da kin ji shiru ki ruga. Kuma kullum da butar ruwan zafi a gefe, don ƙarin ruwan sanyi yana katse tururin.

Sai tukunyar dalma ta maƙera, wato ta alminiyam, wadda ake narka tsofaffin ƙarafa a zuba. Na san tana da arha, tana da ƙarko, kusan kowane gida akwai ta. Matsalar ita ce ba ki san abin da aka narka ba: kayan injin mota ne, gwangwani ne, ko tarkacen kayan lantarki. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 kan irin waɗannan tukwane ya nuna suna sakin gubar dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san abin da gubar nan ke yi wa ƙananan yara, ko da yake tasu daga haƙar zinare ta fito. Ni dai madambacin irin wannan ƙarfe ba ya taɓa abincin yarana. Idan ita kaɗai gare ki a yanzu, to ta riƙe ruwa kawai a ƙasa, kayan lambun su zauna a wani mazubin daban, kuma kada ki sa tsamiya, lemon tsami ko kanwa a ciki. Kanwar ma da ake sa wa ganye don ya yi kore, bitamin ɗinsa take kashewa.

Abin da nake amfani da shi ba wani abin a zo a gani ba ne: tukunya da gwagwa na ƙarfen da ba ya tsatsa, da murfin gilashi mai zama daram. Ki juya gindin tukunyar a kasuwa, idan kin ga an buga 18/10 ko 304, to mai kyau ce. Wasu ƙawayena sun fi son madambacin ƙasa, kuma ba ni da ja, in dai ba mai fenti mai ƙyalli ba ne. Inda tururi ke tsira tsakanin madambaci da tukunya, ki naɗe shi da tsumma mai tsabta da kika jiƙa.

Ragowar ƙanana ne. Ragar waya ta taga ba ta abinci ba ce, kada a yanko ta a yi madambaci. Kwanon samira da fentinsa ya ɓantare har tsatsa ta fito, a ajiye shi. Kwandon gora irin na 'yan Sin yana da daɗin aiki, amma in bai bushe sosai ba sai ya yi fumfuna. Matururin lantarki kuwa, ki fara duba yadda wutar unguwarku take kafin ki saya.

Ruwa kada ya taɓa gindin gwagwa, in ya taɓa dafawa kike yi, amfanin ganyen ya tsiyaye cikin ruwa. Tsayin gaɓa biyu na yatsa ya isa. Ki bari ya tafasa kafin ki ɗora, kuma kada ki danƙara kaya har tururi ya rasa hanyar wucewa. Dankalin turawa nakan ba shi minti 15 zuwa 20, karas da koren wake kamar 7, kabeji 5, alayyafo 3 ya ishe shi, don haka mai tauri ke fara shiga, ganye ya zo ƙarshe. In za ki buɗe, ki ɗaga murfin ta can gefen da ba ya kallon fuskarki, ki kuma janye yaro daga kusa, don ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi shiga jiki.