Yadda ake shirya kallon tsofaffin finafinan barkwancin Amurka a Jos, a gane wa ake yi wa dariya

Fim biyu ake haɗawa, domin guda ɗaya ba ya fito da bambanci. Haɗin da ya fi aiki shi ne The Party na 1968, inda Peter Sellers, Bature ɗan Ingila, ya shafe fuskarsa da launin ƙasa ya fito a matsayin Ba'indiye, sai Blazing Saddles na 1974, fim ɗin kaboyi na Mel Brooks, inda Cleavon Little, baƙar fata, ya zama sherif, wato shugaban 'yan sanda, na wani ƙauyen farare masu ƙyamar baƙi. Richard Pryor, ɗan wasan barkwanci baƙar fata, yana cikin marubutansa.

Mai shirya zaman ya fara kalla shi kaɗai, da biro da takarda. Duk inda aka yi raha, ya rubuta mintin, da wanda ya yi magana, da wanda aka mayar sakarai. Wannan na ukun shi ne jigon aikin. A fim ɗin Sellers, karin harshen baƙon da rashin wayewarsa su ne abin dariya, kodayake an yi shi mutumin kirki. A na Brooks kuwa, mutanen ƙauyen ne wawaye, sherif ɗin ya fi su wayo nesa ba kusa ba.

Kafin a kunna majigi, a yi bayanin minti biyar, kada ya wuce haka. A faɗa musu cewa ƙa'idar tace finafinan Amurka da ake kira Hays, wadda aka tsananta tun 1934, ta hana nuna soyayyar baƙi da farare har 1956, kuma rawar da aka fi bai wa baƙaƙe a lokacin ita ce ta bara ko kuku.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne Blazing Saddles. Kalmar nan ta zagin baƙar fata tana ta maimaituwa a ciki, kuma wanda bai kama Turancin sosai ba sai ya ɗauka tare da masu zagin ake dariya. Maganinsa a kunna rubutun ƙasan allo, a dakatar da fim ɗin bayan shigowar sherif gari, a tambayi mutane abin da suka fahimta. Akwai batsa a cikinsa, ban da yara. Janareta ma a kai shi bayan katanga, don gatse na cikin murya, ƙara kuwa na cinye shi. In a Disamba ne a shiga ɗaki. Sanyin Jos kan watsa taro kafin a fara tattaunawa.

Tattaunawar ta tsaya a minti 30. Ba makawa wani ya kawo zancen yadda barkwancinmu ke kwaikwayon Hausar Bayerabe ko ta baƙauye. A bar shi ya faɗa, amma a zaman da ya haɗa Birom da Hausawa da Ibo, mai jagora ya hana kowa kwaikwayon wani, ya mayar da su kan takardar nan: wa aka mayar sakarai, a minti na nawa.