Yadda Ake Saƙa Hular Sanyi ta Jariri da Kibiya Biyu

A firamarenmu, farkon shekarun 1980, duk ranar Juma'a akwai darasin aikin hannu. Mu maza a kora mu bayan aji mu tufka igiyar rama ko mu ɗaure tsintsiya, mata kuwa su zauna gindin darbejiya tare da malama, kowace da ƙullin zaren ulu a cinya. Da muka shiga ƙaramar sakandare a tsarin 6-3-3-4 ma ba ta sake zani ba a makarantarmu: mu zarto da katako, su girki da saƙa. Ni dai hannuna na kan igiya, idona na kan zaren nan. Yayata ce ta lura. Wata rana bayan la'asar ta karyo tsinken tsintsiya biyu masu kauri, ta goga bakinsu a dutse, ta ce, "Zo nan ƙanina, riƙe." Shekaru bayan haka, da aka haifa mini 'yar fari a tsakiyar hunturu, hular da ta kwana da ita a kai ni na saƙa.

Don haka da kai nake, maigida, duk da uwargida ma za ta ƙaru. In wani ya ce maka aikin mata ne, tambaye shi su wa ke saƙa fari da saƙi da ake ɗinka babbar riga. Su wa ke zama a zaure suna ɗinka aska takwas a ƙirjin riga, ko zanen kube? Su wa ke tsaye a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano? Mata su yi kaɗi da mazari, maza su saƙa, haka muka gada. Saƙar kibiya ce kawai ta shigo mana ta darussan 'yan mata na makarantun zamanin Turawa, sai muka ɗauka can aka halicce ta.

Ka nemi kibiyar saƙa guda biyu mai kaurin milimita 4, da ƙullin ulu ɗaya mai giram 50, matsakaicin kauri, da babbar allura marar tsini, da kwarashi ɗaya don gyara. Zaɓi zare mai haske, ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa suna ɓoye kuskure, mai koyo kuwa dole ya ga kuskurensa.

Kowane madauki da ke kan kibiya Yaya tana kiransa ido, ni ma haka zan kira shi. Saƙa iri biyu ce kacal za ka koya.

Saƙar gaba: zare yana bayan aiki. Soka kibiyar dama cikin idon farko na kibiyar hagu, daga gaba zuwa baya, kewaya zare a bakinta, jawo shi ta cikin idon zuwa wajenka, sannan ka zame tsohon idon ya sauka. Saƙar baya kuwa zare yana gabanka, ka soka daga dama zuwa hagu ta gaban idon, ka kewaya zare, ka tura shi baya. Kwana biyun farko yatsu za su yi tsami, zaren zai riƙa kuɓucewa. Kada ka ɗaure shi tamau don tsoron kada ya faɗi, wannan shi ne ciwon kowane sabon hannu. Idan kibiya ba ta zamewa cikin sauƙi, ka matse da yawa. Sassauta kafaɗa, zaren ma zai sassauta.

Farawa: yi ƙullin zarge a kibiyar hagu. Yi masa saƙar gaba, amma kada ka sauke shi, sabon idon da ka jawo ka mayar da shi kan kibiyar hagu. Ido ya zama biyu ke nan. Ci gaba har 64. Ƙirga sau biyu.

Bakin hula yana son naɗewa da miƙewa kamar roba. Yi gaba biyu, baya biyu, gaba biyu, baya biyu, har ƙarshen layi, ka juya ka maimaita, har ya kai santimita 3. A nan ake yawan ruɗewa: duk lokacin da za ka sauya daga gaba zuwa baya, sai ka fara ratso zaren tsakanin kibiyoyin biyu zuwa gabanka, in za ka koma kuma ka mayar da shi. In ka manta, zaren zai hau kan kibiya ya zama ƙarin ido, ka tashi da 65 da rami a tsakiya. Ni na warware bakin hulata ta farko sau huɗu kafin na gane wannan.

Daga nan hanya ta miƙe. Layi ɗaya duk gaba, na biye duk baya, har tsawon aikin daga baki ya kai santimita 10.

Sai rufe tsakar kai. A layin saƙar gaba, saƙa ido shida, ka haɗa biyu na gaba ka saƙa su tare kamar ɗaya, ka maimaita har ƙarshe. Saura 56. Dawo da saƙar baya. Layi na gaba biyar sannan haɗi, saura 48. Haka za ka bi: huɗu, uku, biyu, ɗaya, kowanne da layin baya a tsakani, a ƙarshe ka haɗa bibbiyu, ido takwas su rage. Yanke zaren ka bar kamu biyu, zura shi a allura, bi ta cikin takwas ɗin, ja su tsuke kamar bakin jaka. Da ragowar zaren ka ɗinke gefe da gefe ta ciki, a hankali, kada ɗinkin ya yi tudun da zai danne fatar jariri.

Idan ido ya suɓuce ya fara gudu ƙasa, kada ka ja aikin. Sa kwarashi ka kamo shi, ka riƙa jawo zaren da ke kwance a samansa ta ciki, ɗaya bayan ɗaya, har ya dawo kan kibiya.

Abu biyu nake roƙonka. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, wuta tana narkar da shi, ɗakin mai jego kuwa ba ya rabuwa da garwashi, to a nisanta. Kuma kada a liƙa wa hular jariri duwatsun ado ko igiyar ɗaurewa a wuya. In ɗaki ya ɗumama a cire masa ita. Wanki da ruwan sanyi, a shimfiɗa a inuwa, kada a rataye ta miƙe.

Har yanzu raina yana sosuwa in na ga yaro ya gama sakandare bai iya mayar da maɓallin rigarsa ba, ko yarinya ba ta taɓa riƙe guduma ba, alhali duk a aji ɗaya suka zauna. Malamai, ku haɗa su a gindin bishiya ɗaya. Autana ɗan shekara tara ya karɓi kibiyoyina makon jiya, yana son ya gama kafin sunan ɗan gwaggonsa. Jiya da daddare ya kawo mini aikin, ya ce, "Baba, ƙirga mini." Na ƙirga, 64 cif.