Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sanyaya Firosesa da Ruwa ko da Mai

Duk wanda ya shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na asali, ya ƙara wa firosesarsa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, zafi ne zai fara tare shi. Firosesa irin Core i9-14900K ta Intel tana iya shan wat 253 tun ba a taɓa ta ba, kuma kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa, a ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba. Da fanka ta gaza sai tunani ya koma kan ruwa, wasu kuma su zarce su tsoma kwamfutar dungurungum cikin mai. Duka hanyoyin biyu suna aiki. Amma yawancin asarar da ake tafkawa daga mantuwa ɗaya take fitowa: ruwa da mai ba sa kashe zafi. Ruwa ɗan dako ne, ya ɗauko kaya daga kan firosesa ya kai lagireto ya sauke, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Idan wurin saukewa ya yi kaɗan, komai ƙarfin famfon da ke zagaya da ruwan, kayan jikin ruwan za su taru.

Shi ya sa kuskuren farko shi ne kashe kuɗi a kan famfo mai tsada da tiyo mai ƙyalli, sannan a tsuke hannu wajen lagireto. Masu haɗa irin wannan tsari suna da wani tsohon lissafi: milimita 120 na lagireto ga kowane abin da za a sanyaya, a ƙara wani 120 a kai. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma an yi shi ne lokacin da firosesa ba ta shan wuta kamar yanzu. Ga wadda aka ƙure wa gudu har ta haura wat 250, ni dai ba zan ba da shawarar ƙasa da 360 ba.

A nan ne yanayin yankinmu yake shigowa cikin lissafi. Lagireto ba zai taɓa sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi ba. Tsari mai kyau ma ruwansa yakan ɗara iskar da kusan digiri 10. Alƙaluman da kake gani a YouTube galibi a ɗakin da ke kusa da digiri 22 aka auna su. Kai kuwa in kana Kano, Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ma'aunin waje yana haura 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kuma ba ya nisa da haka. Wanda ya ga digiri 80 a can, kai 95 ko fiye za ka gani da kayan nan dai. Iyakar 14900K digiri 100 ce, ta Ryzen 7000 irin su 7950X kuma 95. Da an kai nan firosesa take rage gudunta da kanta, ƙarin da ka sha wahalar yi ya tafi a banza. Don haka kada ka kwafi saitin wani. Ka yi gwajinka da rana tsaka, da manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi irin Cinebench ko Prime95, idonka a kan HWiNFO, manhajar da ke nuna zafinta, ka bar shi ya yi aƙalla awa ɗaya, domin ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya kai ƙarshen zafinsa. Lokacin hunturu kuma ƙura takan toshe haƙoran lagireto cikin 'yan makonni, sai an riƙa hure shi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar sanyi a matsayin lasisin ƙara ƙarfin lantarki. Zafin firosesa ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa da ƙarfin lantarki ba, ninki yake yi a kan kansa. Daga bolt 1.25 zuwa 1.40 ƙari ne na kashi 12 cikin 100, amma wutar da za a sha ta ƙaru da kusan kashi 25, tun ba a taɓa gudun ba. Kuma lantarki mai yawa yana cin firosesa a hankali ko da ma'aunin zafi yana nuna lafiya lau. A 2024 Intel ta amince cewa ƙarfin lantarki fiye da kima na daga abin da ke lalata wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14, ta fitar da gyara ta BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a cikin soket, wato gurbin da firosesa ke zama, har kamfanin AMD mai ƙera su ya sa aka taƙaita lantarkin wani sashensu da ake kira SoC a bolt 1.3. Ka sabunta BIOS kafin komai, ka riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, ka tsaya a mafi ƙarancin lantarkin da kwamfutar za ta jure gwaji da shi.

Sai ruwan kansa. Ruwan famfo, na rijiyar burtsatse da fiya wata duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da zai daskare a siraran hanyoyin da ke cikin farantin jan ƙarfen da ake ɗorawa a kan firosesa ruwa ya ratsa ta ciki, ya toshe su. Tataccen ruwa ake so, wanda aka dafa aka tara tururinsa, a ɗiga masa maganin hana gansakuka da tsatsa, ko a sayi haɗaɗɗen ruwan da aka yi don wannan aiki. In wajen masu batir za ka saya, ka tabbatar tataccen ruwan ƙari aka ba ka, ba mai asid ba. Ka kuma duba ƙarafan da ruwan zai ratsa. Jan ƙarfe da tagulla suna zama tare lafiya, amma jan ƙarfe da alminiyam a ruwa ɗaya sai alminiyam ya riƙa zagwanyewa har ya huje. Masu ɗauko ƙaramin lagireton mota ko na babur su haɗa da farantin jan ƙarfe su ne suka fi faɗawa wannan rami. Haka ma narkakken ƙarfen nan na galiyam da wasu ke shafawa a madadin man shafen da ake sawa tsakanin firosesa da faranti: yana cin alminiyam, kuma ɗigo ɗaya a kan madabod, babban allon da duk kayan kwamfuta ke haɗe a kai, ya isa ya haɗa wuta.

Kada ka kunna kwamfuta ranar da ka zuba ruwa. Cire duk wayoyin wuta daga madabod da katin hoto, ka bar famfo kaɗai a jikin akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ka haɗa koriyar waya da baƙa a filogi mai ƙafa 24 don ya tashi, ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka bar shi ya kwana yana zagayawa. Famfo irin D5 da DDC ruwan ne ke yi musu aikin man shafawa, gudu babu ruwa na ɗan lokaci kaɗan yana iya lalata su, don haka tankin ajiye ruwan ya kasance sama da famfo. Ko a rufaffen tsarin da ake saya a haɗe, kada famfo ya zama shi ne can ƙololuwa, don nan iska take taruwa. Ka ɓare ledar da ke manne a ƙasan faranti. Sannan ka tuna fankar da ka cire daga kan firosesa tana hura kayan daidaita wuta da ke kewaye da soket. Yanzu da babu ita, sai ka sa wata ta hura wurin.

Batun mai ya fi jan hankali, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Dabarar ba sabuwa ba ce. Babbar kwamfutar Cray-2 ta 1985 a cikin wani ruwa na kamfanin 3M mai suna Fluorinert take aiki. A 2006 mutanen Tom's Hardware sun nutsar da kwamfuta cikin galan 8 na man girki, a 2007 kuma kamfanin Puget Systems na Amurka ya haɗa tasa cikin akwatin kifi cike da farin man ma'adini. Hotunan suna da kyau ƙwarai, shi ya sa mutane ke ɗauka mai ya fi ruwa. Bai fi ba. Fifikonsa ɗaya ne, lantarki ba ya bi ta cikinsa. Wajen ɗaukar zafi, giram ɗaya na mai bai kai rabin abin da giram ɗaya na ruwa ke ɗauka ba, wajen miƙa zafi kuma ruwa ya ninka shi sau huɗu ko fiye, ga kauri da ke hana shi gudu. Wanda burinsa ƙure gudu ne, farantin ruwa a kan firosesa ya fi masa tankin mai.

In duk da haka kana son gwadawa, kada ka yarda da sanyin awa ta farko. Lita 30 na mai da aka nutsar da kwamfuta mai shan wat 300 a ciki zai iya ƙara sama da digiri 20 cikin awa ɗaya, bangon gilashi ko roba kuwa ba ya fitar da abin kirki. Dole a sa famfo da zai ja mai daga sama, inda mai zafi ke taruwa, ya bi da shi ta lagireto babba a waje ya dawo da shi ƙasa. Kuma kada ka cire ƙarfen sanyaya da ke kan firosesa don ta nutse. Fuskarta ita kaɗai ta yi kaɗan. Wannan famfon ka haɗa shi a layin wuta ɗaya da kwamfutar. In ita tana kan inbata shi yana jikin bango, ranar da aka ɗauke wuta za ta ci gaba da aiki cikin man da ya tsaya cik.

Wane mai? Man gyaɗa da sauran man girki suna lalacewa da zafi, su yi ɗoyi, su yi danƙo a jikin kaya. Man juye na mota cike yake da sinadaran da aka ƙara don inji, ba don lantarki ba. Man taransifoma da ba ka san asalinsa ba ka guje shi gaba ɗaya, domin tsofaffi na iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, wanda Amurka ta hana sarrafawa tun 1979. Tsabtataccen farin man ma'adini marar ƙamshi shi ne abin amfani.

Shi ma yana da halinsa. Faifan ajiya mai juyawa yana da ƙaramar kafar shaƙar iska, mai ya shiga ya gama da shi, don haka a bar shi a waje ko a koma SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa. Mai yana hawa ta cikin wayoyi a hankali har ka tarar da shi a bakin USB ko a kan tebur. Maganinsa shi ne a bar mahaɗar wayoyi sama da mai, a ɗaga wayar sama kafin ta sauko. Yana sa robar wasu wayoyi ta bushe ta tsage, wata kuma ta kumbura. Yana wanke man shafen da ke tsakanin firosesa da ƙarfenta, shi ya sa masu yin abin da gaske suke sa siririn fallen ƙarfen indiyam a wurin. Kayan da ya shiga mai ba ya komawa yadda yake, garanti ya tafi, sayarwa ta yi wuya. Ka fara da tsohuwar kwamfutar da ba za ka yi kukan rashinta ba.

Saura masu son sauka ƙasa da zafin ɗaki, da ƙanƙara a bokiti ko na'urar sanyaya ruwa. Firjin gida ba a yi shi don abin da ke haifar da zafi ba dare ba rana ba, injinsa zai gaji ya mutu. Babbar matsalar kuma raɓa ce. Da damina, in ɗaki yana digiri 30 kuma danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, duk abin da ya sauka ƙasa da kusan digiri 26 zai fara tsattsafo da ruwa, har da bayan madabod inda ido ba ya kaiwa. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi da danshi ka ajiye kusa da kwamfuta, ka riƙe ruwanka digiri biyu ko uku sama da inda raɓa ke farawa. In kuwa dole sai ka sauka ƙasa da haka, ka naɗe tiyo da faranti da soso mai hana iska shiga, ka toshe kewayen soket gaba da baya kafin ka kunna.