Darasi na 9: Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna

Ku ɗauki alƙalami ku rubuta kalmomin nan biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: “form” da “from”. Kowace haruffa huɗu gare ta, kuma haruffan iri ɗaya ne. Ba abin da ya raba su sai wurin zaman harafin r. Duk da haka ta farko ita ce fom, takardar nan da ake cikewa a banki ko asibiti, ta biyu kuwa tana nufin “daga”.

Abin mamaki, sabon ɗalibi bai cika faɗawa wannan tarko ba, domin yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Wanda karatunsa ya fara sauri shi ne ke tuntuɓe. Idonsa ya kama harafin farko, ya kama na ƙarshe, sai ya cike tsakiyar da zato. Alhali kama da wane ba wane ba ne. Mu masu karanta Hausa mun riga mun san haka, tunda ƙugiya guda ce ta raba “kafa” da “ƙafa”, ta raba “kasa” da “ƙasa”. Wannan lurar ce za mu ɗauko mu kai wa Turanci, sai dai a can bambancin ya fi ɓuya a tsakiyar kalma.

Bayan “form” da “from”, waɗanda suka fi wahalar da mutane a cikin masu sauya wurin haruffa su ne “quiet” da “quite”. Idan kuka ga allo a asibiti an rubuta “Quiet, please”, shiru ake roƙo. Ita kuwa “quite” tana ƙarfafa kalmar da ke gabanta ne, kamar a “quite far”, wato da ɗan nisa. Dabarar ita ce ku furta su kuna tafawa. “Quiet” gaɓa biyu ce, kwa-yet, tafi biyu. “Quite” gaɓa ɗaya ce, kwait, kuma e ɗin da ke ƙarshenta ba a furta shi. Haka “tired” da “tried”: wanda ya rubuta “I am tired” ya gaji, wanda ya rubuta “I tried” ya yi ƙoƙari. “Diary” littafin rubuta al'amuran yau da kullum ne, “dairy” kuma ta shafi madara da abin da ake yi da ita.

Wasu kuwa harafi ɗaya ne ya ƙaru. “Of” ƙaramar kalma ce mai haɗa suna da suna, kamar “na” ko “ta” a Hausa. Da an ƙara mata f ta zama “off”, wadda ake gani a jikin makunnin na'ura, ma'ana a kashe. “Lose” rasa abu ne ko faɗuwa a gasa, “loose” kuwa abin da ya yi sako-sako. “Bought” ya saya, “brought” ya kawo. Ku lura da r ɗin nan da kyau, domin “brought” daga “bring” ta fito, ta gaji r daga gida, ita kuwa “buy” ba ta da r da za ta ba “bought”.

Akwai guda uku da nake so mu daɗe a kansu, saboda kuskurensu yana da tsada: “accept”, “except” da “expect”. Ta farko karɓa ce ko amincewa. Ta biyu “ban da”. Ta uku sa rai ko tsammani. Ku dubi wannan sanarwar da ake liƙawa a ƙofar ofis: “Open every day except Sunday.” Wanda ya tsallake kalmar “except”, ko ya ɗauke ta “accept”, zai zaci har Lahadi a buɗe yake, ya yi tafiyar banza. A takardar yarjejeniya kuwa abin ya wuce tafiyar banza, don duk abin da ya biyo bayan “except” an cire shi ne daga alkawarin. In kun ci karo da ita a takardar da za ku sa wa hannu, ku tsaya, ku sa yatsa a kanta, ku karanta abin da ke gabanta sau biyu. Ku kuma dubi inda p take: a “except” tana kusa da ƙarshe, a “expect” tana bin x kai tsaye.

Mu Hausawa muna da tamu matsalar ta daban. Harshenmu bai raba p da f ba, shi ya sa “pull” da “full”, ko “pill” da “fill”, suke shigo mana kunne a matsayin abu ɗaya. “Pull” ita ce ke jikin ƙofa tana cewa a ja, “full” cikakke, “pill” ƙwayar magani, “fill” cikewa. Ku tsaya gaban madubi. Wajen furta p leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe, sannan iska ta fashe. Wajen f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, kuma za ku iya jan sautin har numfashi ya ƙare. Ba wanda ke iya jan p.

Sai waɗanda kunne ba ya da amfani a kansu ko kaɗan, domin furucinsu ɗaya ne: “week” da “weak”, “write” da “right”, “there” da “their”. A nan maƙwabtan kalma ake tambaya. “Their” ba ta zama ita kaɗai, dole wani abu ya biyo ta, kamar “their house”, gidansu. “There” wuri take nunawa, kuma idan kuka rufe t da yatsa za ku ga “here”, ita ma ta wuri. “Hear”, wato ji, tana ɗauke da “ear”, kunne, a cikinta.

Kada ku ɗauka kanku ne ba ya ja. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kusan 44. Kuma tun da William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476 rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Shi ya sa “though”, “through” da “tough” suka ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya, amma kowace da yadda ake faɗarta. Su kansu masu harshen suna ruɗewa.

Ban yarda da haddace dogon jerin kalmomi ba, don jeri yakan zube cikin mako. Ku ɗauki biyu kacal a rana, ku ja layi a ƙarƙashin harafin da ya raba su, ku sa kowace a jimlar da ta shafi aikinku. Kada kuma ku dogara ga wayar salula ta gyara muku. Idan kun rubuta “from” a wurin “form”, sau da yawa ba za ta ce uffan ba, tunda dukansu kalmomi ne na gaskiya.

Aikin gida

Ku kwafi jimlolin nan, ku cike gurbin da kalmar da ta dace. Na farko tsakanin “form” da “from” ne, na biyu “quiet” da “quite”, na uku “lose” da “loose”, na huɗu “accept” da “except”.

1. Please fill this ____.
2. The children are ____ now.
3. Do not ____ your card.
4. Everyone came ____ the driver.

Sannan ku nemo takarda ɗaya mai rubutun Turanci a gida, ko ta cikin kwalin magani ce, ku zagaye duk kalmar da ta yi kama da wata da kuka sani, ku zo da ita aji na gaba.