Yadda Ake Riƙe Sana'ar Kiɗan Garayar Ayilan da Waƙa a Kan Hanya

Garayar Ayilan (harp a Turance, kayan kiɗa mai kusurwa uku da tsirkiyoyi masu yawa), wadda mutanen ƙasar suke kira cláirseach ko cruit a harshensu, tana da babban matsayi a wurinsu. Hotonta ne tambarin ƙasar, yana kan bangon fasfo, yana kuma bayan tsabar kuɗin yuro da ƙasar take bugawa, sannan tsohuwar garayar da aka kwaikwayi siffarta, wadda aka sassaƙa a ƙarni na 14 ko na 15, tana nan ajiye a ɗakin karatu na Kwalejin Trinity da ke Dublin. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta shigar da kiɗanta cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk da wannan daraja, wadda take son cin abinci da kiɗan, ta haɗa shi da waƙa, ta riƙa yawo da shi gari gari da ƙasa ƙasa, ya kamata ta sani tun farko cewa awa ɗaya da rabi da take yi a gaban jama'a ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikinta. Na ce "wadda" ne domin a yau mata sun fi yawa a wannan fage, ko da yake a zamanin da maza ne suka fi riƙe shi.

Yawon ma gado ne. Turlough O'Carolan, wanda aka haifa a 1670 ya rasu a 1738, ciwon agana ya makantar da shi yana ɗan shekara 18. Uwar ɗakinsa ta gidan MacDermott Roe ta sa aka koya masa kiɗan, ta ba shi doki da ɗan jagora, ya shafe kusan shekara 50 yana zagaya gidajen masu hali, yana tsara wa masu masaukinsa kiɗa da sunayensu, kuma fiye da 200 daga cikin kiɗe-kiɗensa sun iso wannan zamani. Abin da ya riƙe shi tsawon wannan lokaci shi ne gidan da ya sauka bara yana sake buɗe masa ƙofa bana. A ganina har gobe a kan wannan sana'ar take tsaye, domin makaɗiyar da aka gayyata sau ɗaya ba a sake nemanta ba, ba ta kafu ba tukuna, komai daɗin hannunta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta samun gayyata ta biyu.

Koyo yana farawa da malami, kuma da kunne, don yawancin kiɗan gargajiyar Ayilan ana ɗaukarsa ne daga hannu zuwa hannu kafin a duba takarda. Ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, da aka kafa a Mullingar a 1951, tana da rassa masu ba da darasi, kuma ita take shirya gasar Fleadh Cheoil na hÉireann a watan Agusta, inda matasa da yawa suke fara yin suna. Ƙungiyar Cairde na Cruite, wadda ta fara aiki a 1960, tana yin taron koyarwa na bazara a Termonfeckin da ke gundumar Louth. Mai son digiri tana iya zuwa cibiyar kiɗa da rawa ta Jami'ar Limerick. Wadda kuma take neman waƙoƙin da ba kowa ke rerawa ba, sai ta zauna a ma'ajiyar kiɗan gargajiya ta ƙasar da ke Dublin, ta kuma bibiyi abin da Edward Bunting ya rubuta a taron makaɗan garaya na Belfast a 1792, lokacin yana ɗan shekara 19, daga hannun tsofaffin makaɗan da suka rage.

Wajen zaɓen garaya akwai hanya biyu. Ta dā tana da tsirkiyoyin ƙarfe, ana kaɗa ta da dogon farce, kuma sautinta yana daɗewa yana amo, sai an riƙa tare shi da yatsa. Ta zamani, wadda yawancin mawaƙa suke yawo da ita, tana da tsirkiya 34 ko kusa da haka, na roba ko na hanjin dabba, ana kaɗa ta da tsokar yatsa bayan an yanke farce, ana jingina ta a kafaɗar dama, kuma yatsu huɗu ne suke aiki a kowane hannu, ban da ƙaramin. A saman kowace tsirkiya akwai ɗan liba wanda idan aka ɗaga shi yake ƙara wa sautinta rabin mataki. Mai shirin tafiye-tafiye ta duba nauyi kafin ta duba ado, ta ɗaga garayar da kanta ta hau bene da ita a gaban mai sassaƙar, domin nan gaba ita za ta riƙa wannan ɗauka da tsakar dare ba mai taimako. Idan kuɗin saye ya gagara, hukumar Music Network tana da tsarin tallafa wa makaɗa su mallaki kayan kiɗa.

Haɗa waƙa da kiɗan shi ne wurin da ya fi buƙatar haƙuri. Hannu biyu suna aiki daban daban, murya tana nata, ga kuma katako kwance a kafaɗa yana neman danne ƙirji. Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara koyon waƙar a tsaye, ba kiɗa, har a san inda ake jan numfashi a kowane baiti, sannan a nemo matakin sautin da muryar ta fi sakewa a kansa, a saita garayar ta bi muryar. Kuskuren masu farawa shi ne su tilasta wa murya bin matakin da ya fi wa yatsu sauƙi, su wayi gari maƙogwaro ya gaji tun rangadi bai yi nisa ba. Bayan haka sai a shigo da hannun hagu kaɗai, sauti ɗaya ko biyu a kowane layi, a yi kwanaki a haka, kafin hannun dama ya shigo yana cike gurbin da muryar ta bari. Idan kalmomi suna fita, kiɗa ya lafa. Idan murya ta tsaya, kiɗa ya amsa. Akwai kuma tsohon salon waƙa da ake kira sean-nós, wanda ya fi ƙarfi a yankunan da har yanzu ake magana da harshen Ayilan, irin su Connemara da Donegal da Kerry, kuma a al'ada ana rera shi ne ba kiɗa, mawaƙi yana ja yana sakewa yadda ma'anar ta kai shi. Mai hankali ba ta ɗaure irin wannan waƙa da bugun da ba nata ba. Wani lokaci mafi kyawun abin da za ta yi shi ne ta ɗora tafukanta a kan tsirkiyoyin su yi shiru, ta rera waƙar ita kaɗai. Lafazin harshen kuwa a wurin masu shi ake gyara shi, domin a cikin masu sauraro ba a rasa wanda aka haifa da shi.

Jerin waƙoƙin dare ma da lissafi ake tsara shi. Yawanci ana saita garayar ta yadda libobin za su iya kai ta manyan matakan sauti takwas, amma kowane sauyi yana cin lokaci, don haka a jera waƙoƙin da matakinsu ke kusa da juna, a kuma tanadi ɗan bayani a kan waƙa mai zuwa wanda za a riƙa faɗa yayin da hannun hagu yake bin libobin ɗaya bayan ɗaya. Masu sauraro a Jamus ko Amurka da ba su jin harshen suna riƙe waƙar ne ta wannan bayani.

Shekarar aiki tana da nata damina da rani. A watan Janairu akwai bikin Celtic Connections a Glasgow, a watan Maris kuwa ranar Waliyyi Patrick, wato 17 ga wata, tana buɗe ƙofofi da yawa a Amurka, inda zuriyar 'yan Ayilan take da yawa. Bikin garaya na Edinburgh yana zuwa da bazara, sannan a watan Agusta ga bikin Lorient a Faransa da na Milwaukee a Amurka, ga na tunawa da O'Carolan a ƙauyen Keadue na gundumar Roscommon. Manyan bukukuwa suna cike jadawalinsu tun da sauran watanni masu yawa, saboda haka wasiƙar neman shiga ta fita da wuri, ɗauke da gajeren bidiyo mai tsabtar sauti da hoto da tarihin aiki a taƙaice. Da zarar an sami babban taro ɗaya, sai a gina ƙananan wasanni a kewayensa, a coci-coci da ɗakunan taro da makarantu, har kuɗin jirgi ya fita. Tsakanin tafiye-tafiye, bukukuwan aure da jana'iza da liyafar baƙi irin ta fadar Bunratty da koyar da yara su ne suke riƙe gida, kuma bai kamata a raina su ba.

Takardu suna iya rusa rangadi tun ba a tashi ba. 'Yar ƙasar Ayilan tana da damar yin aiki a ƙasashen Tarayyar Turai, sai dai ta nemi takardar A1 mai nuna cewa a gida take biyan kuɗin inshorar jama'a, tana kuma iya aiki a Birtaniya albarkacin tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu. Amurka daban take. Izinin ziyara na ESTA bai halatta wasan da za a biya kuɗi ba, dole a nemi bizar aiki irin P-3 ta masu fasahar gargajiya ko O-1, wanda ya yi gayyatar ko wakili a can shi yake shigar da buƙatar, kuma abin yana ɗaukar watanni. Hukumar harajin Amurka tana iya riƙe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin baƙon mai wasa idan ba a yi yarjejeniya da ita tun kafin zuwa ba.

Garayar kanta ita ce abokiyar tafiya mafi wuyar sha'ani. Tsirkiyoyinta suna jan allon gabanta da ƙarfi dare da rana, kuma katako yana kumbura da laima yana tsukewa da bushewa. Kada a bar ta a cikin mota a rana ko na ɗan lokaci ne, don zafi yana sassauta mannin da ya haɗa ta, kada kuma a ajiye ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki. A mota ana kwantar da ita a kan bargo, ɓangaren libobi yana sama. Zuwa Turai, da yawa sun fi son jirgin ruwa daga Dublin zuwa Holyhead a Birtaniya ko daga Rosslare zuwa Cherbourg a Faransa, domin garayar tana tare da su. Idan jirgin sama ya zama dole, sai akwati mai tauri da inshora da sanar da kamfanin tun ranar sayen tikiti, ko kuma a shirya aro ko haya a can, wanda sau da yawa ya fi kwanciyar hankali duk da cewa yatsu sai sun saba da tazarar baƙuwar garaya.

Ranar wasa a isa da wuri, a buɗe jakar a bar garayar ta sha iskar ɗakin na aƙalla rabin awa kafin a taɓa makullin saiti. Sai a bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, jajaye da baƙaƙe ko shuɗɗa suna nuna hanya a tsakanin farare, a sake bi bayan an kunna fitilu, a kuma sake a lokacin hutun rabin lokaci, domin numfashin jama'a kaɗai yana sauya ɗumin ɗaki. Idan tsirkiya ta tsinke, ana zaro guntun ta ramin da ke bayan garayar, a ƙulla sabuwa a jikin ɗan guntun tsirkiya mai kauri don kada ƙullin ya zurare, a zura ta daga ciki, a naɗe ta a kan ƙusarta, a ja ta a hankali. Sabuwar tsirkiya tana yin kwanaki tana saki kafin ta zauna, don haka cikakken saiti na canji da almakashi da makulli na biyu ba sa barin jakar hannu. Da mai kula da sauti kuma a yi magana cikin ladabi, a roƙi makirufo ɗaya na murya da wani na garaya, a tabbatar muryar ce a gaba.

Jiki yana da haƙƙinsa. Kujera mara hannu mai tsayin da ya dace tana kare baya da wuya, kuma gara a rubuta tsayin a cikin yarjejeniya ko a tafi da tata. Ruwa da barci da rage surutu a wuri mai hayaniya bayan wasa su ne suke kare murya.

Kuɗi a rubuce ake maganarsu kafin a kama hanya: nawa ne, da yuro ko fam ko dala, yaushe za a biya, wa zai ɗauki masauki, me zai faru idan aka soke. A yi rajista da IMRO, hukumar kula da haƙƙin mallakar kiɗa ta Ayilan, a riƙa aika mata jerin abin da aka rera a kowane wasa, don kuɗin haƙƙin mallaka su shigo. Hukumar Culture Ireland tana tallafa wa kuɗin tafiyar masu wasa a ƙasashen waje. Mai zaman kanta tana shigar da bayanin harajinta zuwa 31 ga Oktoba, kuma sassaucin haraji da aka yi wa masu fasaha tun 1969, wanda yanzu ya kai yuro 50,000 a shekara, ya shafi abin da aka samu daga ƙirƙirar kiɗa ne, bai shafi ladan hawa dandamali ba, saboda haka a raba lissafin biyu tun daga rasit na farko.

Bayan an tashi, kada a yi gaggawar rufe jaka. Mutane za su matso, wani ya ce kakarsa daga gundumar Mayo ta Ayilan ta fito kuma tana rera waƙar nan da wani baiti daban, yaro ya nemi ya taɓa tsirkiya. A saurari baitin a rubuta shi, a bar yaron ya taɓa, a gode wa wanda ya jera kujeru da wadda ta ba da ɗakin kwana, kowa da sunansa. Washegari, kafin a kai gari na gaba, a aika wa mai shirya taron saƙon godiya, a tambaye shi ranakun da yake da su a shekara mai zuwa.